Ganye Zalla

"Riƙe mata hannuwa, Baban Kumatu. Riƙe da kyau, kar ka ji tausayinta."

Tela ya riƙe. Hannuwan yarinyar biyu ba su cika tafinsa ɗaya ba, amma fizga take yi da ƙarfin da ba ka ce na 'yar wata bakwai ba ne. Matarsa ta tsoma auduga a ruwan ɗumi tana jiƙa zanen gadon da ya manne wa yarinyar a kunci, tana ɓamɓarewa a hankali. Da zanen ya saki sai ga wurin ja wur, yana tsattsafo da ruwa, gefensa ya yi ɓawo rawaya. Safar hannun da Tela ya ɗinka mata da yadin auduga mai laushi tana can ƙarƙashin gado. Ta tuɓe abarta, ta yi aikinta da farce.

Da kumatu aka haifi yarinyar, manya har suna neman danne mata hanci, shi ya sa sunan ya bi ta tun ranar farko. Yanzu kumatun ne ba sa kalluwa. Tana wata uku abin ya fara: kunci, bayan kunne, lanƙwasar hannu, bayan gwiwa. Duk wanda ya leƙo gidan sai ya zama likita. Wannan ta ce zafi ne, waccan ta ce nonon uwar ne ba shi da kyau. Likitar gaskiyar ta ce ƙyasbin jarirai ne mai tsanani, ba a ɗaukarsa, ba ya kuma tafiya rana ɗaya. Ta rubuta wani ɗan tiyub na shafawa a inda ya yi ja, da babban mai na sa laushin fata, ta ce su dawo bayan mako uku. Yau ne mako ukun, ƙarfe biyu na rana.

"Ni abin da ban gane ba," in ji Tela, "man nan fa ya yi aiki. Kwana uku fuskar nan ta koma sumul. Sai kuma ya daina? Kina dai shafawa ko?"

"Ina shafawa."

"Safe da yamma?"

"Ga tiyub ɗin nan a gabanka, ka duba mana."

Ya ɗauko shi daga kan madubi. An matse shi, an nannaɗe gindinsa, ɗan kaɗan ya rage a wuya.

"To jikinta ya saba da shi ke nan. Yau zan ce wa likita ta ba mu wanda ya fi shi ƙarfi. Wani da na yi wa ɗinki ya ce akwai na sha, akwai ma allura."

"Allura? 'Yar wata bakwai?"

"To me kike so mu yi? Mun canza sabulun wanka, mun canza na wanki. Kin bar ƙwai, kin bar madara, kin bar gyaɗa, dubi wuyanki yadda ya yi tsawo. Ni ba na ɗaukarta sai na wanke ƙurar yadi. Mage ma na kore ta, baiwar Allah har yau ba ta san laifinta ba."

"Mai ƙarfi cin fata yake yi, Baban Kumatu."

"Wannan da ke fuskarta fa, me yake ci?"

Ta sunkuya tana matse audugar da ta riga ta bushe, don gaskiyar maganar ita ce ko ɗigo ɗaya na man likita bai taɓa jikin Kumatu ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana sayar da kayan kwalliya a kasuwa, kuma ba don hoda da jan baki aka san ta ba. Anti Mai Haɗi ake ce mata. Mace za ta shigo da kalarta da Allah ya ba ta, ta fita da kwalba, bayan wata guda uwar da ta haife ta sai ta ƙara dubawa kafin ta gane ta. Ta san tiyub-tiyub kamar yadda Tela ya san allurai: akwai mai koren kwali, akwai mai ruwan ɗorawa, akwai kuma babbansu mai jan kwali, wanda ita da bakinta take ce wa mata kar su kai shi fuska. Ta kuma san ƙarshen abin, don ƙarshen ma shagonta yake dawowa neman gyara. Ta ga jijiyoyi sun fito kore shar, ta ga nankarwa a damtsen budurwa. Akwai wadda aka yi wa tiyata ɗinkin ya ƙi kamawa, fatar tana yagewa. Ita kam ba ta taɓa shafa haɗinta ba. Baƙa ce wuluk, har masu saye suna tsokanarta wai mai abu ba ta yarda da kayanta ba.

Ranar da suka karɓi maganin, yayin da Tela ya fita neman mota, ta juya kwalin a hannunta, ta ce wa mai ba da magani, "Malam, wannan ba ɗan'uwan wanda ake zubawa a man bilicin ba ne?"

"Danginsu ɗaya, amma shi wannan..."

Ba ta ji sauran ba. Kunnenta ya toshe a kan danginsu ɗaya.

Washegari sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifin Tela, da wata 'yar kwalba ƙulle a bakin zane. Babu rubutu a jikinta. Mai ne kore-kore, mai ƙamshin ɗanyen ganye. "Ganye zalla ne, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Jikar maƙwabciyata da shi ta warke. Amma kar ki nuna wa mijin nan naki, kin san shi da kansa a tuƙe." Ta sani. Tela ya rantse ba za a shafa wa 'yarsa abin da babu rubutu a jikinsa ba.

Haka aka yi ta yi. Safe da yamma ta shafa wa Kumatu na kwalba, sannan ta shiga banɗaki da na likita, ta matsa daidai kima a cikin masai, ta kora ruwa. Kwana uku yarinya ta yi barci har da minshari, Tela yana ta shi wa likita albarka. Kwana biyar da suka wuce kwalbar ta ƙare, Gwaggo kuma ciwon gwiwa ya kwantar da ita. Sai ciwon ya dawo kamar dama laɓe yake a bayan ƙofa.

"Ka je shago," ta ce wa mijin. "Zan leƙa kasuwa, mu haɗu a asibitin."

Yana fita ta kira Gwaggo ta karɓi kwatancen inda ake sayar da man kwalbar. Shirinta a tsare yake: ta samo kwalba, likita ta rubuta duk abin da za ta rubuta, masai bai cika ba.

A cikin bas Kumatu ta yi ta goga fuska a kafaɗar uwar tana wani kuka mai shaƙewa. Matar da ke kusa da su ta leƙa sau ɗaya, ta ɗauke ɗanta ta mayar ɗaya cinyar.

"Ba a ɗauka," in ji Maman Kumatu.

"A'a, ni ba abin da na ce. Allah ya ba ta lafiya." Amma ba ta dawo da yaron ba.

Wurin yana bayan layin masu sayar da kayan gini, wata ƙofa mai shuɗin labule. Ga turmi a bakin ƙofar da damin ganye a jingine, ga benci da mata biyar, kowacce da nata a cinya. Wani an naɗe masa hannuwa da tsumma, wata an aske mata kai saboda ɓawo. Ba wadda ta ɗauke ɗanta da Maman Kumatu ta zauna. Wannan kaɗai ya sa ta ji hawaye ya taho mata.

Sai da aka kusa awa ɗaya layi ya zo kanta. Ta ɗaga labulen ta yi sallama. Mutumin ya ba ta baya, yana ɗibar mai daga bokiti da cokali yana dannawa a kwalba, yana buga gindinta a tafin hannu don iska ta fita. Ta san wannan bugun. Haka ita ma take yi.

Ya juyo.

"A'a! Anti Mai Haɗi? Yau ke ce a wurinmu?"

Ta san shi sarai. A shago Mai Katan suke ce masa, don duk farkon wata sai ya zo ya ɗauki katan biyu na jan kwali, wai matarsa tana da shagon gyaran jiki. Mutum ne mai fara'a, ba ya ciniki, har lemo yakan riƙo mata. Fara'ar tana nan a fuskarsa har idonsa ya sauka a kan kuncin Kumatu, sannan ta gudu.

Maman Kumatu ta dubi bokitin. Ta dafa bango.

"Ina matar taka mai gyaran jiki?"

Ya zagaya ya gyara labulen, ya rage murya. "Anti, kowa da hanyar cin abincinsa."

"Jan kwali guda nawa kake zubawa?"

"Ganyen na gaske ne, wallahi. Ni nake dakawa da hannuna."

"Na ce guda nawa?"

Ya kalli bokitin. "Uku a kwalba."

Uku. Ita ko ga mace mai 'ya'ya huɗu, guda ɗaya take matsawa a babbar roba, ta kuma bi ta da gargaɗi har bakin ƙofa. Uku a 'yar kwalbar da ba ta kai kofin shayi ba. Kwana goma sha shida, safe da yamma, a fuskar jaririya, da yatsanta.

"Da na san 'yarki ce..." ya fara.

"Da ka san 'yata ce me? Na kan bencin can 'ya'yan wa ye?"

"Anti, kar ki ɗaga murya." Sannan ya ce a hankali, ba da faɗa ba, "Shekara biyu ina zuwa shagonki. Kin taɓa tambayata shagon gyaran jikin yana ina? Da na fara zuwa kore nake saye. Ke kika ce in koma ja, ya fi saurin aiki."

Ta tuna. Har ta tuna yadda ta ɗaga kwalin tana kaɗa masa shi.

Ya rufe kwalbar da ya cika ya tura mata. "Ɗauki, ba sai kin ba da komai ba. Kwana uku za ta yi barci. Ke ma idonki ya nuna kin kwana biyu ba ki runtsa ba."

Ta so ta watsa masa ita a fuska. Sai ta ga hannunta ya ɗauka ya jefa a jaka.

A waje wata yarinyar mace, ba za ta wuce shekara ashirin ba, ta kamo gefen mayafinta. "Baiwar Allah, da gaske yana aiki? Asibiti sun ba ni wani tiyub, aka ce min irin na masu bilicin ne, na ji tsoro."

"Ba ganye ba ne," in ji Maman Kumatu. "Man bilicin ne a ciki, mafi ƙarfinsu. Ni nake sayar masa. Ku tashi ku tafi."

Matan suka kalle ta, suka kalli jakarta inda murfin kwalbar ya leƙo.

"Ke da kika karɓi naki," wata ta ce, ta gyara zama. Ba wadda ta tashi.

A bas ɗin asibiti zafi ya taso wa Kumatu. Ta sanƙare, ta banƙare, ta murza kuncin a ƙashin wuyan uwar har jini ya ɓata mayafin. Tun fasinjoji suna cewa a ba ta nono har suka gaji suka juya kai. Maman Kumatu ta lalubo kwalbar a cikin jaka, ta murɗe murfin, ta tsoma yatsa. Sau ɗaya dai, ta ce a ranta. Yau kaɗai. Ta san yadda za a yi: zuwa gobe jan zai dusashe, jibi yarinya ta yi dariya. Ta ɗago yatsan, ƙamshin ganyen ya bugi hancinta, a ƙarƙashinsa kuma ga wancan warin da ke bin kayanta kullum in ta taso daga shago. Yadda hancinta ya kasa jin sa kwana goma sha shida, Allah kaɗai ya sani. Ta goge yatsan a cikin jakar, ta rungume yarinyar tana kuka tare da ita.

Tela ya riga su zuwa, yana riƙe da katin layi da littafin da yake rubuta awon masu ɗinki. A shafin baya ya jera tambayoyinsa, har da lamba. Likitar, wata mace mai furfura da tabarau a kan hanci, ta kwantar da Kumatu ta duba kunci, ta ɗaga haɓa, ta buɗe lanƙwasar hannu.

"Kuna shafawa yadda na ce?"

"Safe da yamma, likita," in ji Tela. Ya ajiye matsattsen tiyub ɗin a kan tebur, yana alfahari da shi. "Ga shi har ya ƙare. Da farko ya yi, daga baya ya daina."

Likitar ta juya tiyub ɗin, ta ja numfashi. "Idan wannan bai riƙe ta ba, dole mu hau mataki na gaba. Ba na son mai ƙarfi a fuskar jaririya, amma ba zan bar ta haka ba." Ta jawo takarda ta cire murfin biro.

Maman Kumatu ta kalli biron yana sauka. Ta sa hannu a jaka, ta ɗora kwalbar kusa da tiyub ɗin.

"Wannan nake shafa mata. Naki a masai nake zubarwa."

Ta faɗi komai, idonta a kan tebur. Gwaggo, da banɗaki, da bokiti, da jan kwali uku a kwalba, da shagon da aka sayo su. Ba ta kalli gefen da Tela yake ba, amma ta ji lokacin da ya rufe littafinsa.

Likitar ba ta yi tsawa ba, ko da yake da ta yi da ya fi sauƙi. Ta tambayi kwana nawa, da wurare nawa a jiki. Ta sake kwantar da yarinyar ta duba fatar da ɗan haske, ta sa aka auna nauyinta.

"Shi ya sa ya dawo da fushi haka. An ba fata mai ƙarfi, an yanke rana ɗaya, ba a bi da komai ba. Ga ƙwayoyin cuta sun shiga inda ta sosa, wannan ɓawon rawaya ke nan. Zan ba ta na sha saboda su, za kuma a ɗebi jininta mu duba."

"Fatar ta lalace?" Da ƙyar maganar ta fito.

"Ban ga alama ba tukuna. Da kin ƙara kwalba biyu, ban san me zan ce miki ba."

"Amma naki ma danginsu ɗaya, likita. An gaya min."

"Ɗaya ne, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai jan kwalinki yana can ƙolin tsani, nawa yana matakin farko. Da awo ake sa shi, na 'yan kwanaki, ni kuma ina dubawa. Ban ce miki babu abin tsoro ko kaɗan ba. Amma rashin shafawar ma ga abin da ya yi." Ta kamo hannun Maman Kumatu ta miƙe yatsan nuni. "Daga nan zuwa gaɓar farko ya ishi wuri mai faɗin tafinki biyu. Kumatun nan rabin haka ya ishe su. Ku dawo min bayan kwana biyar. Kwalbar nan kuma a nan za ta zauna."

Tela bai ce uffan ba a wurin ɗibar jini, bai ce ba a layin magani, bai ce ba a cikin mota. Shi ya ɗauki yarinyar, shi ya riƙe ledar. Sai da suka shiga ɗaki, rana ta yi sanyi, ya kwantar da Kumatu a kan sabon zane, sannan ya yi magana, bai juyo ba.

"Kwana goma sha shidan na ji, tsoro ne. Kwana biyar ɗin fa? Yarinyar nan tana yagar fuskarta, magani yana cikin gidan nan, ina jin kina kora ruwa."

"Tsoro nake ji, Baban Kumatu."

"Ni ba na ji?"

Ya fita ya wanke hannu, ya daɗe yana wankewa. Da ya dawo ya ɓare sabon kwalin, ya huda bakin tiyub ɗin da murfinsa. Ta ja baya ta jingina da ƙofa, don ta san daga yau ba za a sake ba ta ba, kuma ba ta da bakin cewa komai. Tela ya miƙe yatsansa ya tsaya yana kallonsa. Shekara ashirin na allura da almakashi sun mayar da shi kamar bayan itace, ga kanta, ga faso. Ya kalli kuncin yarinyar.

"Kawo hannunki."

Ta matso ta miƙa. Ya riƙe yatsan nata, ya matsa man a hankali, ya tsaya daidai rabin gaɓa kamar mai yanka yadin da ba shi da ragowa. Ya rufe tiyub ɗin, ya sa a aljihun gaban rigarsa inda alli da tef suke zama, ya ɓalla maɓalli. Sannan ya haɗa hannuwan Kumatu biyu a tafinsa.

"Shafa."

Matar da ta shekara goma sha ɗaya tana juya mai a bokiti da ludayi ta tsaya da ɗan farin abin da bai kai ƙwayar wake ba a yatsanta. Ta ɗora a kuncin dama, ta bi da shi a hankali, ta koma na hagu. Kumatu ta yi tsit tana kallonta.

Tela bai ɗauke idonsa daga yatsan ba har sai da man ya ɓace a cikin fatar.